Telar Michika da Ta Kasa Shiga Coci: Nazarin Wani Lamari, 2014 zuwa 2020

Matar da wannan bayani ya shafa tela ce, 'yar ƙabilar Kamwe, waɗanda aka fi sani da Higgi, daga garin Michika a arewacin jihar Adamawa. Ba zan ambaci sunanta ba, ba zan kuma faɗi unguwarsu ko cocinsu ba. Zumuntar matan coci ɗaya muke, ni ce kuma ɗaya daga cikin mata biyu da suka riƙa raka ta a watannin da za mu zo kansu. Abin da ban gani da idona ba, daga bakinta na ji shi.

Kafin Satumban 2014

Shekarunta 38 a lokacin, da 'ya'ya huɗu. Maigidanta manomi ne, yana noman dawa da masara da wake. Ita kuma tana da keken ɗinki a zauren gida, tana ɗinka kaya shida zuwa takwas a mako, kafin Kirsimeti ko Sallah kuwa sai ta kwana a kan keke. Kusan rabin masu kawo mata ɗinki Musulmi ne. A coci ita ce mai buga tulu idan mata suka tashi waƙa, kuma ba a taɓa saninta da tsoro ba. Ita ake kira idan maciji ya shiga ɗaki maza ba sa nan.

Cocinsu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, kuma tun farko koyarwarta ita ce Kirista ba ya rama mugunta da makami. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan ekklesiya ne, don haka labarin Boko Haram ba baƙo ba ne a Michika. A watan Agusta Gwoza ta faɗa hannunsu, Madagali ta biyo baya, farkon Satumba kuma Gulak. Mutanen Gulak suka riƙa shigowa da tabarmi da tukwane a ka.

Maigidan ya ce ta kwashe yara ta tafi Yola. Ta ƙi. Kowane dare tana karanta Zabura 91 tare da yaran, ta kuma ɗauke ta a matsayin yarjejeniya tsakaninta da Allah: muddin tana addu'a, ba abin da zai kusanci gidanta. A riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fara karyewa. Hausawa dai sun ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Satumba zuwa Nuwamban 2014: gudu biyu

Ranar Lahadi 7 ga Satumba, ana cikin sujadar safe, aka fara jin harbi. Tulun yana tsakanin ƙafafunta. Jama'a suka yi kan ƙofa gaba ɗaya, ƙofar kuwa ɗaya ce mai faɗi, aka tattake juna. Ta fita da yara uku, na huɗun, ɗan shekara tara, yana ajin makarantar Lahadi. Sai da yamma ta same shi a kan dutse a hannun wata maƙwabciya. Ƙanin maigidanta bai tsira ba. Ta wuce gawarsa a bakin hanya, ba ta tsaya ba, saboda tana goye da yarinya.

Kwana huɗu suka yi a duwatsu kafin su gangara su kama hanyar Mubi. Sun yi mako bakwai a can wurin 'yan uwa, har ta fara karɓar ɗinki da keken aro. Ranar Laraba 29 ga Oktoba, Mubi ma ta faɗi, a ranar kuma aka kama hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabannin ekklesiya suka koma Jos. Ta sake gudu, wannan karo a ƙafa ta daji wajen iyakar Kamaru, kafin su samu mota zuwa Yola a farkon Nuwamba.

Daga baya ta gaya mini gudu na biyun ne ya fi lalata ta. A na farko ta ce ƙaddara ce. A na biyu zuciyarta ta yanke cewa duk inda ta zauna za su zo.

Nuwamban 2014 zuwa ƙarshen 2015: zaman Jimeta, a birnin Yola

Ba sansani suka shiga ba. Kamar yawancin 'yan gudun hijira a Yola, gidan dangi suka sauka, mutum fiye da 30 a gida mai ɗaki huɗu. Takan je karɓar hatsi a cocin Katolika na St. Theresa, inda Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a ƙaramar hukumar Michika, ya buɗe wa dubban mutane ƙofa. A farfajiya take tsayawa, ba ta shiga ginin.

Alamun ciwon sun fito ɗaya bayan ɗaya. Barcinta ya koma awa biyu zuwa uku, da takalmi a ƙafa da katin shaida ɗaure a bakin zane. Ƙarar murfin tukunya kan sa ta miƙe zumbur. Ta rame har zannuwanta suka yi mata yawa. Tana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Lahadi kuwa tun asuba cikinta ke murɗawa.

Sau ɗaya ta gwada zuwa sujada, a Kirsimetin 2014. Ta zauna, aka fara waƙa, aka buga ganga, sai numfashinta ya sarƙe, ta tsallake mutane ta fita da gudu. Wasu suka ɗauka wani abu ta gani, suka bi ta, sujada ta watse na ɗan lokaci. Kunyar wannan rana ta zama ciwo na biyu a kan na farko. Daga nan ba ta ƙara taka ƙofar coci ba.

Sojoji sun ƙwato Michika a ƙarshen Janairun 2015. Da damina ta matso maigidan ya koma don ya yi shuka, ita ta ce ba da ita ba. Abin da ya ɗaga ta daga Jimeta shi ne bam ɗin da ya tashi a wajen masu kayan gwari ranar 17 ga Nuwamban 2015, ya kashe mutum fiye da 30. Ta ce tunda mutuwa ta san hanyar Yola, gara ta same ta a gida. A Janairun 2016 ta koma. Kada a ɗauki wannan a matsayin ƙarfin hali, gajiya ce kawai.

Abubuwa huɗu da aka gwada, 2015 zuwa tsakiyar 2016

Na farko tsawatarwa ce. Mata 'yan uwanta, har da ni, mun riƙa karanta mata 2 Timoti 1:7, inda Bulus ya ce ba ruhun tsoro Allah ya ba mu ba. Muna faɗa da kyakkyawar niyya. Ita kuwa abin da take ji shi ne: in ba daga Allah tsoron yake ba, to daga Shaiɗan ne, ita ce kuma ta buɗe masa ƙofa. Ta yi azumin kwana uku sau biyu, sannan na kwana bakwai. Jikin da ba ya barci, aka hana shi abinci, sai rawar hannu da bugun zuciya suka ƙaru.

Na biyu, wata ƙawarta ta kai ta wani gidan addu'a a Jimeta, inda aka ce aljanin tsoro ne ya shige ta a daji. Aka kewaye ta ana ihu, aka karanta mata Wahayin Yahaya 21:8, inda aka jera matsorata cikin waɗanda za su shiga tafkin wuta. Mace da ihu da cunkoso ke firgitarwa, aka ba ta ihu da cunkoso a matsayin magani. Ta faɗi sumammiya, suka ce aljanin ya fita. Dare uku bayan haka ba ta runtsa ba. Kuɗin da ta bayar a can ya kai na buhun masara.

Na uku ƙwayar barci ce daga kyamis, diyazifam, wadda aka fi sani da Valium. Ta fara da ɗaya, barci ya zo, ta yi murna. Cikin wata uku ta koma biyu, wani dare uku, ranar da babu kuma fargabar ta fi ta da. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda ya shiga irin wannan tashin hankali ƙwayoyin wannan rukuni don rage firgita ko rashin barci a makonnin farko. Mai kyamis bai gaya mata ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi daɗewa, ba kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin magani: kauce wa komai. A Michika ta tarar an ƙone cocinsu, jama'a suna sujada a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da bangon da ya yi baƙi. Ta daina bin wannan layin gaba ɗaya, takan yi zagayen minti 20 don zuwa injin niƙa. Garin ma ya rabu, har kasuwa ta koma biyu, Kirista ranar Asabar, Musulmi ranar Lahadi, kowa na zargin kowa. Ta daina gaisawa da maƙwabtan da ta ɗinka wa kayan aure. Duk abin da ta kauce masa takan ji sauƙi a ranar, washegari kuma sai wani sabon abu ya shiga jerin. A tsakiyar 2016 duniyarta ta rage tsakar gida da rijiya.

Damina ta 2016: kwana uku a ajin firamare

A lokacin EYN ta fara gudanar da bitar warkar da raunin zuciya a garuruwan da aka koma, da tsarin da ake kira HROC, wanda aka fara a Ruwanda bayan kisan ƙare-dangi na 1994. Kwana uku ake yi, da mutum ashirin da ɗoriya. Ta yarda ta je saboda dalili ɗaya: a ajin makarantar firamare za a yi, ba a coci ba.

Ranar farko aka rubuta alamun ciwon a allo, aka ce duk wanda yake da ɗaya ya ɗaga hannu. Ta ga wani dattijon ekklesiya, mutumin da take ganin bangaskiyarsa ta kai ta Ibrahim, ya ɗaga hannu a kan mafarkin tsoro, ya sake ɗagawa a kan kwana da takalmi. Ta ce a nan ne karo na farko cikin shekara biyu ta daina ganin kanta a matsayin wadda ta ja da baya daga bin Yesu. Mai koyarwa ya bayyana cewa jiki yana da nasa ƙararrawar haɗari, kuma bayan babbar razana takan ci gaba da kaɗawa ko babu komai, kamar wanda maciji ya sara ya ga tsumma. Likitoci na kiran wannan PTSD idan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa.

Rana ta biyu ta rashi ce da makoki. A nan ta faɗi abin da ko maigidanta bai taɓa ji ba, cewa ta wuce gawar ƙaninsa ba ta rufe ta ba. Rana ta uku aka ɗaure mata ido da ɗankwali, wata mata ta ja ta da hannu suka zagaya filin makaranta. Taku goma sha wani abu ta yi ta cire ɗankwalin.

Bitar ba ta warkar da ita ba. Barcinta bai ƙaru ko da rabin awa ba a makon. Abin da ta fito da shi suna ne na ciwon, da kuma yardar a taimake ta.

Satumban 2016 zuwa Afrilun 2017: taku-taku

Matar fasto ce ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai shekara kusan 60, wadda duk muke kira Mama. Ba da coci ta fara ba. Ta fara da 1 Sarakuna 19: annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya ji barazanar sarauniya Yezebel ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mama ta tambaye ta, “'Yata, da mala'ika ya zo, wa'azi ya yi masa?” Ta ce a'a, Mama, abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya. Mama ta ce, “To ke ma azumi ya ƙare sai na ce.”

Sai ta kai ta asibiti, aka tsara mata rage ƙwayar a hankali cikin wata biyu, domin yanke ta lokaci ɗaya na da haɗari. Makonni ukun farko sun yi muni ƙwarai. A ƙarshen Nuwamba ta rabu da ita, barcinta kuma ya kai awa huɗu zuwa biyar.

Game da coci, ƙa'ida biyu Mama ta kafa. Ba za a tura ta matakin da ba ta yarda da shi ba, amma in ta tsaya a mataki ba za ta bar wurin ba sai bugun zuciyar ya fara sauka da kansa. Ta kuma ba ta aya ɗaya ta riƙe, Zabura 56:3, inda Dawuda ya ce a ranar da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Mama ta sa ta lura cewa mai maganar yana cikin tsoron ne yake faɗa, bai jira ya wuce ba. Takan ja numfashi a rabin ayar, ta sauke a ɗaya rabin.

Mako biyun farko, da rana tsaka, mun tsaya da ita a bakin layin cocin kawai. Ranar farko minti 25 ta ɗauka kafin hannunta ya daina rawa, a karo na huɗu minti shida. Sannan ƙofar shinge. Sannan cikin rumfar babu kowa, inda ta zauna a benci na ƙarshe. A nan muka daɗe, wajen wata guda, domin bangon da ya ƙone yana kallonta. Wata rana ta tashi da kanta ta je ta dafa shi, ta nuna mana inda take zaune ranar 7 ga Satumba, ta yi kukan da na ɗauka ba zai tsaya ba. A makon ne aka yi wa ƙanin maigidan addu'ar tunawa a gida, abin da ba a samu yi ba tun 2014.

Daga nan sai taron zumuntar mata na tsakiyar mako, da farko an roƙi a ajiye tulu da ganga. Mun yi kuskure sau ɗaya a Disamba: mun ga tana samun sauƙi muka ja ta zuwa sujadar Kirsimeti. Yara suka fasa abin wasan wuta a waje, ta gudu, muka koma baya da kusan mako uku. Laifinmu ne, gaggawa ce ta mu masu rakiya.

A Fabrairu ta fara zuwa ranar Lahadi, tana tsayawa a waje wurin 'yan Birged, ƙungiyar matasan coci, da ke binciken masu shiga, ta tafi kafin wa'azi. A Maris ta shiga ciki, kusa da mafita. Ranar Ista, 16 ga Afrilun 2017, ta zauna daga waƙar farko har albarka. Lahadi 135 ke nan suka wuce tsakanin wannan rana da ranar da ta bar tulunta a ƙasa.

Nuwamban 2017 da Janairun 2020: gwaji biyu

Ranar 21 ga Nuwamban 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba, mutum kusan 50 suka mutu. Mafarkan suka dawo mata na mako biyu, ta rasa Lahadi ɗaya. Amma wani abu ya faru da ba mu tsara ba. Maƙwabciyarta Musulma ta rasa ɗan uwa a harin, ita kuma ta ɗauki mayafi ta shiga gidan gaisuwa, gidan da ta shekara uku ba ta leƙa ba. Ta ce da ta ga matar zaune a tabarma, idonta irin nata ne. Da ƙaramar Sallah ta 2018 kayan 'ya'yan gidan a kekenta aka ɗinka su.

Gwaji mafi girma ya zo ranar 2 ga Janairun 2020, da yamma, lokacin da mahara suka sake shiga Michika. Ta gudu dutse da yara kamar kowa. A wannan hari aka kama Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar. Bayan 'yan kwanaki aka ga bidiyonsa yana magana a natse, yana cewa bai karaya ba domin kowane hali a hannun Allah yake, in an sake shi zai koma ga iyalinsa, in kuma ba a sake shi ba, a yi haƙuri da nufin Allah. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

Na je gidanta ina tsammanin mun koma farko. Na same ta a kan keke, takalmi a ƙafa, jaka a shirye a bakin ƙofa. Ta ce tsoro kam tana ji, har cikinta na ciwo. Sai ta kawo labarin Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3, waɗanda suka gaya wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, ko da kuwa bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunki ba. Ta ce shekara da shekaru rabin farko kawai take ji. Lahadin da ta biyo baya ta je coci.

Hukunci

A ganina abubuwa huɗun farko sun kasa ne saboda duk manufarsu ɗaya ce, a kawar da jin tsoron nan take. Tsawatarwa da gidan addu'a sun mai da ciwon zunubi, suka ɗora mata laifi a kan razana. Ƙwaya da kauce-kauce sun ba ta sauƙin yini guda, suka hana jikinta damar koyon cewa benci da ganga ba su ne suka yi harbi ba. Ayar 2 Timoti ba ta da laifi. Mu ne muka yi amfani da ita kamar bulala, alhali Bulus ya rubuta ta ne ga Timoti, matashin da yake ƙauna, yana ƙarfafa shi.

Abin da ya yi aiki ba zan iya raba shi gida biyu in ce wannan na asibiti, wannan na bangaskiya ba. Tsayawa a bakin layi har zuciya ta lafa hanya ce da masu ilimin halayyar ɗan adam suka daɗe da sani, kuma tana aiki ga mai kowane addini. Amma ban ga abin da zai sa wannan mata ta tsaya minti 25 tana rawa ba in ba don tana son komawa wurin da take ganin gidan Ubanta ne, da aya a bakinta da mata biyu a gefenta. Bangaskiyarta kuma ba wadda ta shiga 2014 da ita ce ta fito da ita ba. Ta farkon ta dogara ne a kan cewa masifa ba za ta zo ba, don haka masifa na zuwa ta rushe.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba. Ta yi sa'ar samun matar fasto da ta san aikin jinya, da miji mai haƙuri, da 'ya'ya huɗu a raye. Mata biyu da suka yi bita tare da ita ba su samu mai raka su ba, ɗaya har yanzu ba ta koma Michika ba. Ita ma ba a ce ta warke sarai ba: tana barcin awa biyar zuwa shida, ba ta zama a tsakiyar coci, farkon Satumba kuma yakan zo mata da nauyi. Ɗinkinta ya koma kaya biyar a mako. Tulun dai sai a bikin zumuntar mata na 2021 ta sake ɗaukarsa, ta kuma roƙi a ajiye mata kujera a kusa da ƙofa.